Tagwayen ƙwayoyin da har yau ba a gani ba: tambayoyi kan sufasimetiri

Mece ce sufasimetiri?

Hasashe ce ta masana fiziks da ke cewa kowace ƙwaya da aka sani, wato mafi ƙanƙantar ɓurɓushin da halitta ta ƙunsa, tana da 'yar tagwai da ba a gano ba tukuna. Ƙwayoyin gida biyu ne. Akwai famiyon, tubalin da aka gina abubuwa da shi, kamar ilektaron da kwak. Akwai kuma bozon, masu ɗaukar ƙarfi, kamar foton, ƙwayar haske. Hasashen ya ce duk ɗan wannan gida yana da ɗan'uwa a wancan. Golfand da Likhtman suka fara kawo batun a Mosko a 1971, Wess da Zumino suka daidaita lissafinsa a 1974. Har suna an raɗa wa tagwayen tun kafin a haife su: silektaron, sikwak, fotino, gulwino.

To me ya haɗa wannan da sararin samaniya?

Nan ne maganar take da daɗi. A 1933 Fritz Zwicky ya lura cewa gungayen taurari na tarin Koma suna gudun da ya isa ya tarwatsa su, amma ba su tarwatse ba. A shekarun 1970 Vera Rubin ta ga taurarin da ke bakin gungu suna zagaye da sauri kamar na ciki. Ke nan akwai wani nauyi da ke riƙe su wanda ido bai gani, shi ake kira baƙin abu. Awon tauraron ɗan'adam na Planck ya nuna shi ne kusan kashi 27 cikin 100 na abin da ke sararin, alhali duk abin da muke gani, har mu kanmu, bai wuce kashi 5 ba.

Sufasimetiri tana da ɗan takarar zama wannan baƙin abu: nyutralino, ɗaya daga cikin tagwayen. Ba ta da cajin lantarki, ba ta ba da haske, tana da nauyi, kuma idan ita ce mafi rashin nauyi cikin tagwayen, ba ta da abin da za ta rikiɗe ta koma, sai ta dawwama. Da aka lissafa adadin da zai saura bayan sararin ya huce daga zafinsa na farko, sai ya zo daf da adadin baƙin abun da aka auna. Wannan dacewar ce ta sa masana da yawa suka sa rai.

An same ta?

Ko alama. Injin gwara ƙwayoyi na LHC, na cibiyar binciken fiziks ta Turai wato CERN, zoben kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa kusa da Janiba, ya gano ƙwayar Higgs, mai alaƙa da yadda ƙwayoyi ke samun nauyi, a 2012, amma tagwai ko ɗaya bai fito ba. A Dakota ta Kudu a Amurka, cikin tsohon ramin haƙar zinari mai zurfin kusan kilomita ɗaya da rabi, wata na'ura mai suna LZ tana gadin tan 7 na iskar zenon da aka sanyaya ta zama ruwa, tana jiran wata ƙwayar baƙin abu ta bugi ƙwayar zarrar zenon guda ta yi ɗan walƙiya. Ita ma shiru.

Ke nan hasashen ya mutu?

Bai mutu ba, amma ya ji jiki. Mafi sauƙin nau'o'insa gwaji ya kore su. Masu kare shi suna cewa tagwayen sun fi ƙarfin injinan yanzu nauyi. Mai yiwuwa ne, sai dai ni wannan amsa ba ta gamsar da ni sosai, don ɗaya daga cikin dalilan son hasashen shi ne ya bayyana me ya sa Higgs ba ta da nauyi sosai, kuma duk sa'ad da aka ƙara wa tagwayen nauyi, wannan dalili yana raguwa. Shi ya sa wasu suka karkata ga neman wata ƙwayar daban da ake hasashen ita ce baƙin abun, aksiyon.