Ma'anar sauya tsarin mai a injin rotari domin jirgin sama

Idan masu haɗa ƙananan jiragen sama da hannunsu suka ce sun sauya wa injin rotari tsarin mai, suna nufin sun sake fasalin hanyar da fetur yake bi daga tanki zuwa cikin injin, domin injin da aka ƙera wa mota ya iya aiki a sama. Injin rotari shi ne wanda Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro, aka fara tayar da shi a 1957. Ba shi da fistin, sai wani ƙarfe mai kusurwa uku da yake juyawa a cikinsa. Wanda aka fi ɗauka shi ne 13B na Mazda, wato na motar RX-7, saboda ƙarfinsa ya fi girman jikinsa.

Tushen gyaran shi ne kada mai ya yanke, tunda matuƙin jirgi ba shi da gefen titi da zai raɓe. Shi ya sa ake sa famfon lantarki biyu, sau da yawa har da batir na biyu.

Abin da ya fi ba da wahala, a ganina, shi ne toshewar tururi. Yayin da jirgi yake ƙara tashi, matsin iska yana raguwa, fetur kuma yana saurin zama tururi, musamman wanda ya zaga kusa da injin ya ɗauki zafi. Da zarar kumfa ta taru a bakin famfo, sai ya riƙa juyawa a banza, injin ya fara tari. Maganinsa shi ne a ajiye famfon ƙasa da tanki, nesa da salansa, wadda zafinta a rotari ya wuce misali, sannan a mayar da rarar man zuwa tanki ya huce.

Akwai kuma batun shafawa. Bakin kusurwoyin nan uku yana gogar bangon injin, don haka yana buƙatar man shafawa. Da yawa sukan cire ƙaramin famfon da yake ɗiga masa baƙin mai, su riƙa gauraya man injin tu-sitirok a cikin fetur. Kwamfutar motar ma, wadda take daidaita yawan man da yake shiga injin, akan musanya ta da wadda za ta ba matuƙi damar rage mai da hannu, domin fetur ɗin jirgi na 100LL yana da dalma, ita kuwa tana lalata na'urar auna iskar oksijin da kwamfutar mota take dogaro da ita.