Me Ake Nufi da Jarabar Shaye-shaye?

Idan likita ya ce yaro ya kamu da jarabar shaye-shaye, ba wai ya taɓa zuƙar wiwi sau ɗaya cikin abokai yake nufi ba. Yana nufin abin ya fi ƙarfin yaron: yana so ya daina ya kasa, yana ganin karatunsa na lalacewa, mahaifiyarsa na zubar da hawaye, amma gobe ma ya koma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan hali cikin jerin cututtuka, kuma ina so iyaye su riƙe wannan da kyau.

A ƙwaƙwalwa abin yake faruwa. Ƙwaya irin tramadol, ko maganin tari mai kodin, tana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin dofamin mai kawo jin daɗi fiye da kima. Da tafiya ta yi nisa sai ta saba. Guda ɗaya da ke bugar da shi a da ta daina yi masa komai, sai biyu, sai uku. Ranar da bai samu ba kuwa jiki ya ɗau ciwo, ga zufa, ga gudawa, barci ya ƙaurace masa. A wannan matakin ba daɗi yake nema ba, azaba yake gudu.

Matashi ya fi babba shiga haɗari, domin sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abin da zai biyo baya, ba ya gama girma sai wajen shekara 25. Shi ya sa wanda ya fara da ƙuruciya ya fi saurin kamuwa.

Alamomin sukan fito tun da wuri: sabbin abokai da ba ya so a sani, barcin rana, jan ido, kuɗi ko magani na ɓacewa a gida. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma ta isa a zaunar da shi a tambaye shi cikin natsuwa. Duka da kora ba sa raba yaro da ƙwaya, sai dai su miƙa shi ga masu sayar da ita.

Kada kuma a kulle shi a ɗaki a ce ya daina dare ɗaya. Wanda ya saba da giya ko diazepam, wata ƙwayar sa barci, yankewa farat ɗaya na iya jawo masa jijjiga mai haɗari. A kai shi asibiti, likita ya tsara yadda zai rage a hankali.