Aikin sa-kai na nema da ceto a daji

Nema da ceto a daji aiki ne na gano mutumin da ya ɓata ko ya ji rauni nesa da gari, a kai gare shi, a yi masa agajin gaggawa, sannan a fito da shi. A ƙasashe da dama 'yan sa-kai ne ke ɗauke da nauyin aikin, amma ƙarƙashin hukuma: a yawancin jihohin Amurka shugaban 'yan sandan gunduma ne ke kiransu, a Ingila kuma 'yan sanda. An kafa ƙungiyar ceto a duwatsu ta duniya, ICAR, a 1948, takwararta ta Amurka kuwa a 1959.

Horon sabon shiga yakan ɗauki watanni. Ana fara masa da karatun taswira da kamfas, domin batirin GPS yana mutuwa, sanyi kuma yana gaggauta mutuwarsa. Daga nan sai magana a rediyon oba-oba, ɗaurin igiya, agajin farko, da kwana a daji da abin da ke jakarsa kawai. Jakar nan a shirye take kullum da kayan awa 24: ruwa, abinci, tocilar goshi da batirin canji, usur, rigar ruwa, da kayan ɗumi.

Inda aka fi zurfafa horo shi ne dabarar neman kanta. Tushen lissafinta ya fito ne daga Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Bernard Koopman ya tsara wa sojojin ruwan Amurka yadda za su nemo jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku. Ana farawa daga inda aka ga mutumin na ƙarshe. Idan ya yi nisan kilomita 1 ba a san ta wace fuska ba, filin da za a bincika murabba'in kilomita 3 ne da ɗoriya. Idan ya kai kilomita 3, fili ya haura 28. Shi ya sa ake fara tura ƙananan rukunoni na mutum biyu ko uku su bi hanyoyi, bakin rafi da mahaɗa cikin hanzari, wasu kuma su tsare mafita. Jeruwa a sahu ana taka daji taku-taku sai daga baya, don yana cin mutane da lokaci.

Halin wanda ya ɓata ma karatu ne. Ƙaramin yaro yakan ɓuya, ya ƙi amsa kiran baƙo. Tsoho mai cutar mantuwa yakan miƙe har sai sarƙaƙiya ta tsayar da shi, kuma ba ya neman taimako. Mai nema da ya dogara da kiran suna kaɗai zai wuce su biyun.

Ɓarna takan zo daga masu kyakkyawar niyya. Jama'a marasa horo sukan tattake sawu, su gauraya warin da kare zai bi, su jefar da kwalba ko tsumma da za a ɗauka alama ce. Mai horo idan ya ga alama ba ya taɓa ta: ya rubuta wurin, ya sanar ta rediyo.

Fitowa da majinyaci ta fi nemansa wuya. Gadon ɗaukarsa yana buƙatar mutum shida a lokaci guda, ana musanya hannu akai-akai, saboda haka tafiya mai nisa takan ci mutum goma sha biyu ko fiye. Wanda zafin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 35 a ma'aunin Celsius ana cire masa jiƙaƙƙun kaya, a shimfiɗa abu tsakaninsa da ƙasa, a ɗauke shi a kwance cikin lallaba, domin jijjiga na iya rikita bugun zuciyar da sanyi ya riga ya raunana.