Tsofaffin tangaran na jeren kakanni: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da aka san ina tara tsofaffin faranti a gidanmu na unguwar Birni a Zinder, har a Kasuwar Dole tare ni ake yi. To ga amsa, kowa ya huta.

Langa ma tangaran ce?

A'a. Langa ƙarfe ce da aka yi wa rufi, tangaran gasasshen yumɓu ne.

In wanke da toka?

Haba Hajiya! Toka da soson ƙarfe su suka cinye ruwan zinaren bakin farantan da kike kuka a kai. Ruwan ɗumi, sabulu, tsumma mai laushi.

Yaya zan gane zanen hannu?

Jera biyu, ki dubi fure ɗaya. In kamar an tsaga kara, bugu ne, kuma bugun ma tsoho ne: tun wajen 1750 ake yinsa a Ingila. Na hannu, launi kan taru inda burushi ya sauka, ya sirance inda ya tashi.

Zan iya zuba abinci a ciki?

To, nan sai a hankali. Shafa da yatsa. In santsi ne sumul, zanen yana ƙarƙashin rufin gilashin, kamar yawancin shuɗin nan, ya fi aminci. In kin ji tudun launi, musamman ja, rawaya ko ruwan lemo, a sama aka zana aka sake gasawa, kuma irin wannan fenti na da yakan ƙunshi dalma. Ba mu manta gubar dalmar Zamfara ta 2010 ba. Amma santsin ma ba shaida ba ne, don shi kansa rufin a da akan sa masa dalma, ido kuwa ba ya ganinta. Tsami ne ke jawo ta: nono, tsamiya, lemon tsami, balle da zafi ko a kwana a ciki. Mai tsattsagewa kamar saƙar gizo, bar shi a kabad. Ni dai dabino nake zuba wa baƙi a lafiyayyu, yara kuwa ko kusa. In kin taɓa ci sau ɗaya ranar suna, kwantar da hankalinki, yau da gobe ne abin tsoro.

Rubutun da ke gindi fa?

Kife ki karanta. In kin ga sunan Gien, Digoin ko Sarreguemines, ƙirar Faransa ce. Ba mamaki, Zinder ce hedikwatar Faransawa a Nijar har 1926. Mai hoton zaki da kan mutum, kamfanin Petrus Regout ne na Maastricht a Holan. Tambari dai ba ya nufin zanen hannu.

Nawa zai yi?

Ba na ciniki a hoto. Kawo in ƙwanƙwasa, in ji ko ya tsage.