Kamun kifin bas a lokacin kaka

Bas kifin ruwan daɗi ne da asalinsa gabashi da tsakiyar Amurka ta Arewa, kuma nau'insa mai faɗin baki shi ne ya fi shahara a wurin masu kamun kifi da ƙugiya don nishaɗi ko gasa. A tafkunan Amurka ana ɗaukar kaka, daga watan Satumba zuwa Nuwamba, a matsayin lokaci mai albarka, domin kifin yana ƙara cin abinci kafin sanyin hunturu ya rage masa kuzari.

Halin kifin a wannan lokaci

Da zafi, ruwan tafki mai zurfi yakan rabu gida biyu: na sama mai ɗumi da wadatar iskar oksijin, na ƙasa kuma mai sanyi da ƙarancinta. Idan kaka ta shigo ruwan sama ya huce, sai ya yi nauyi ya nutse, tafkin ya gauraye. Ruwan kan gurɓace na ɗan lokaci, wani sa'in har da wari, kifin ya warwatse, kamu ya yi wuya. Bayan ruwan ya kwanta ne harka take gyaruwa.

Abin da ke juya akalar bas a kaka shi ne ƙananan kifayen shad, waɗanda ke barin tsakiyar tafki garke-garke su nufi bakin rafukan da ke zuba a cikinsa. Bas na biye da su har wurare marasa zurfi, shi ya sa gogaggun masunta ba sa jefa ƙugiya sai sun ga alamar shad, ko ruwa na ɓalɓala ko tsuntsaye na shawagi a kai. A manyan madatsun kogin Tenesi, irin su Guntersville a jihar Alabama, wannan ƙaura sananniya ce. Galibi ana amfani da kifin roba ko na katako mai ƙyalli, a riƙa jansa da sauri kamar shad mai gudun tsira.

Tarihi

Gasar kamun bas ta zamani ta samo tushe ne daga Ray Scott, wanda ya shirya gasarsa ta farko a tafkin Beaver da ke Arkansas a 1967, sannan ya kafa ƙungiyar masu kamun bas mai suna B.A.S.S. a birnin Montgomery na jihar Alabama. A cikin kaka aka fara babbar gasar Bassmaster Classic, a watan Oktoban 1971 a tafkin Mead, inda Bobby Murray ya yi nasara. Daga baya aka sauya mata lokaci. A farkon shekarun 1970 ƙungiyar ta shiga kwaɗaitar da masu gasa su mayar da kifin ruwa da ransa bayan an auna shi, al'adar da ta taimaka ƙwarai wajen adana manyan kifaye, kuma ta cancanci yabo. Bas mai faɗin baki mafi nauyi da aka tabbatar shi ne na George Perry, kilo 10 da ɗoriya, a jihar Jojiya ta Amurka a 1932, sai Manabu Kurita da ya yi kunnen doki da shi a tafkin Biwa na Japan a 2009.

An kai bas ƙasar Japan a 1925, an kuma kai shi Afirka ta Kudu da tafkin Naivasha na Kenya wajen ƙarshen shekarun 1920. A Afirka ta Kudu kaka na faɗowa ne tsakanin Maris da Mayu.

Saɓani

Ra'ayi ya bambanta kan na'urar da ke nuna kifi kai tsaye a gaban jirgi, wadda wasu ke ganin tana rage darajar gwaninta. A Japan kuma doka ta sanya bas cikin baƙin halittu masu cutar da kifayen gida.