Huhun Barewa a Lorino, Huhun Raƙumi a Kwatarmu

Wata ranar kasuwa da sassafe ina duba nama a kwata, aka feɗe wani tsohon raƙumi. Da yaron mahauci ya ɗago huhun sai ga ƙululu uku a jiki, ɗaya kamar ƙwan kaza, biyu kamar goro, fari-fari, cike da ruwa tam. Kafin in buɗe baki ya sa wuƙa ya zagaye wurin, ya cilla ta bayan katanga. Karnuka huɗu ne ke kwana a wajen kullum. Ko ƙasa naman bai kai ba.

Na ce, "Kai yaro, ka san abin da ka yi kuwa?"

Ya ce, "Malam, ai na cire mugun wurin. Sauran lafiyarsa lau."

Ta fannin sauran naman yana da gaskiya. Amma ɗan abin nan da ya cilla shi ne cutar gaba ɗayanta, kuma ya miƙa ta ga dabba ɗaya tilo a garin da za ta iya dawo mana da ita gida. Don in nuna yadda hakan ke faruwa, zan kai ku wani ƙauye mai nisan gaske, inda mutum da kare da dabbar kiwo suke manne da juna har kowace gaɓa ta sarƙar tana fitowa fili.

Sunan ƙauyen Lorino. Yana can ƙuryar gabashin Rasha, a yankin Cukotka, a bakin tekun Bering, inda ɗan mashigin ruwa mai faɗin kilomita tamanin da 'yan kai ya raba Rasha da Alaska ta Amurka. Cukotka ta ɗara kashi uku cikin huɗu na faɗin Najeriya, amma mutanenta duka wajen dubu hamsin ne. Agogonsu yana gaban namu da awa goma sha ɗaya. A Lorino mutane wajen dubu ɗaya ke zaune, galibinsu Cukci ne, ƙabilar da ƙidayar 2010 ta ce ba ta wuce mutum dubu goma sha shida ba a duk Rasha. Babu bishiya a yankin Lorino, sai ciyawa da gansakuka. Ƙasan ma idan ka haƙa kaɗan sai ka tarar da ita a daskare, rani da damina, har suna sassaƙa rumbunan ajiyar nama a cikinta. A watan Disamba rana takan leƙo ne na 'yan awanni ta koma.

Cukci kashi biyu ne tun asali. Akwai na tudu, makiyayan wata irin barewa mai ƙaho reshe-reshe, wadda suke bi da garke cikin tantin fata da suke kira yaranga. Sunan ƙabilar ma daga kalmar caucu ya fito, wato mai arzikin barewa. Sai na bakin teku, irin mutanen Lorino, waɗanda ke farautar dabbobin ruwa: walros mai dogon haure, da wel, ƙaton nan da hukumar kula da farautarsa ta duniya ta yarje wa 'yan asalin Cukotka su kama sama da ɗari a shekara don ci. Na tudu su kawo nama da fata, na teku su ba da mai da igiyar fata. Duk wanda ya san zaman Fulani da manoma zai gane wannan ciniki.

Sai kare. A can kare ba na gadi ba ne kawai, shi ne jaki, shi ne babur. Ana ɗaura goma ko sha biyu a jikin amalanken da ke sulɓi bisa ƙanƙara, su kai mafarauci bakin ruwa su dawo da shi da kaya. Karen nan mai shuɗin ido da Turawa ke ƙawa da shi, haski, daga karnukan Cukci aka samo irinsa. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, man fetur da kayan gyara suka yi wuya, garken barewar yankin ya faɗo daga wajen rabin miliyan zuwa ƙasa da dubu ɗari, mutane suka koma wa farauta da karnukansu don su rayu. Mutumin da kare ya ciyar da iyalinsa a shekarun yunwa, ba za ka zo masa da zancen a kashe karnuka ya saurare ka ba. Ni ma ban ga laifinsa ba.

Cutar da nake magana a kai tsila ce, amma ba irin doguwar nan da muka sani ba. Wannan tsawonta bai wuce milimita bakwai ba, kamar ƙwayar shinkafa. Likitoci suna kiranta Echinococcus. Babbarta tana zaune a hanjin kare, ko kyarkeci, ko yanyawa, sau da yawa dubbai a ciki, kuma karen yana harkokinsa ba alamar ciwo. Ƙwanta yana fita cikin kashi, ido ba ya ganinsa. Barewa ta haɗiye shi da ciyawa, ya ƙyanƙyashe a cikinta, ya bi jini ya sauka a huhu ko hanta, ya zama ƙululun ruwa. Cikin ruwan nan akwai kawunan 'ya'yan tsila rututu. Ranar yanka, makiyayi ya ga huhu da ƙululu, ransa bai kwanta da shi ba, ya wurga wa kare. Bayan kamar mako shida karen ya fara zubar da sabon ƙwai.

A lura da wannan da kyau, don nan ne mutane suka fi ruɗewa: mutum ba ya kamuwa ta hanyar cin naman mai ƙululu. Ƙwan da ke kashin kare ne ke kama shi. Mutum yana shiga sarƙar ne a matsayin barewa, ba a matsayin kare ba. A ƙauye irin Lorino ƙofofin suna da yawa. Mai amalanke yana kwance igiyar karnuka da hannu, ga ƙwai a gashinsu. Mafarauci yana feɗe yanyawar ƙanƙara don fatarta. Mata da yara suna fita ƙarshen bazara tsinkar 'ya'yan itatuwan da ke yaɗo a ƙasa, suna jefawa a baki a wurin. Matafiyi ya narkar da dusar ƙanƙara ya sha. Sanyin da muke zaton yana kashe komai, adana ƙwan nan yake yi: yana iya yin watanni a daskare, idan ƙanƙara ta narke ya tashi da ransa. Shi ya sa Cukotka take cikin yankunan Rasha da aka fi samun cutar idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Suna da wata 'yar uwarta kuma da ta fi muni, wadda ke zagaye tsakanin yanyawa da ɓerayen daji. Karen gida ya kama ɓera ya ci, ya shigo da ita tsakar gari. Ita ba ta yin ƙululu ɗaya mai iyaka, tana ratsa hanta ne kamar ciwon daji, kuma idan ba a yi magani ba yawanci tana kisa cikin shekara goma zuwa sha biyar. A tsibirin Sent Lorens na Alaska, da ke kallon gaɓar Cukotka, wani masani Robert Rausch ya yi shekaru yana bin diddiginta tun wajen 1950. Daga baya aka gwada ba karnukan wani ƙauye na tsibirin magani duk wata na tsawon shekaru, sai cutar ta ragu ƙwarai a jikin ɓerayen da ke kewaye da gidaje. Wato daga kare ake kamo bakin zaren.

A jikin mutum abin ba ya gaggawa. Yaro ya haɗiye ƙwai yana ɗan shekara shida, sai ya zama magidanci sannan ya fara jin nauyi a ƙasan haƙarƙarinsa na dama, ko tashin zuciya, wani lokaci shawara. Idan a huhu ne, tari ne da ba ya jin magani, da ciwon ƙirji, da haki, har da jini. A Cukotka tarin fuka ya yi yawa, ana yawan ɗaukar hoton ƙirjin jama'a, to a nan ne sau da dama ake cin karo da wani zagayayyen abu a huhun mutumin da ke cewa shi lafiyarsa ƙalau. Babban haɗarin shi ne ƙululun ya fashe: mutum na iya sumewa nan take, ko ya mutu, ko 'ya'yan tsilar su bazu cikin cikinsa kowanne ya kafa nasa. Ka tuna kuma inda mara lafiyan yake. Daga Lorino akwai hanyar mota ta kusan kilomita arba'in zuwa Labrentiya, hedikwatar gundumar. Daga nan zuwa babban asibiti a Anadir sai jirgin sama, kuma idan guguwar ƙanƙara ta taso jirgi yakan yi kwanaki bai tashi ba.

To me ya haɗa mu da su? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci sama da mutum miliyan ɗaya ke ɗauke da wannan cuta, kuma ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Binciken da aka yi a mahautan Kano da Sakkwato da Maiduguri ya sha nuna ƙululun a tumaki da awaki da shanu, amma raƙumi ne kan gaba. Abin da ya fi ba ni mamaki, masana da yawa suna sa irin da ke jikin raƙuminmu da irin da ke jikin barewarsu ƙarƙashin suna ɗaya.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa: mu ai ba ma rungumar kare, ko yawunsa ya taɓa mu sai mun wanke. Haka ne, kuma yana taimakawa. Zafin rana da bushewa ma suna kashe ƙwan da sauri, wannan sa'armu ce da su ba su samu ba. Amma kare ba a tsakiyar rana yake kashi ba. Yana neman inuwa da danshi ne: gindin bishiyar da yara ke wasan ƙasa, bakin rijiya, kwalbati, lambun fadama inda ake shuka latas da kabeji da karas ɗin da za a ci ɗanye. Ba sai ka mallaki kare ba, na maƙwabci ko na bola ya ishe ka.

Abin da ke wahalar da mutanen Lorino mu a wurinmu banza ne. Su da ƙyar suke haƙa rami a daskararriyar ƙasa, ba su da itacen ƙona abu. Mu muna da fartanya da ƙasa mai laushi. Duk huhu ko hantar da aka ga ƙululun ruwa a jiki, kada a fasa shi, kada a wurgar. A binne da zurfin da kare ba zai tono ba, a danne da dutse, ko a ƙone ƙurmus. Mai son ba karensa kayan ciki ya yayyanka ya tafasa rabin awa tukuna. Wannan ya fi shafar ranar layya da suna da biki, lokacin da ake yanka a ƙofar gida ba mai dubawa. Masu karnukan farauta da na gadi da na ruga su nemi malamin dabbobi ya ba su praziquantel, maganin nan dai da ake ba yara na tsargiya, miligiram biyar ga kowane kilo na nauyin kare, aƙalla sau huɗu a shekara. Maganin tsilar yake kashewa, ba ya kashe ƙwan, saboda haka a ɗaure karen kwana biyu zuwa uku a binne kashinsa. Sai wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, da wanke ganye da ruwa mai tsabta.

Wanda kuma ya daɗe da kumburi a gefen ciki na dama, ko tarin da aka gwada aka ce ba na fuka ba ne amma ya ƙi tafiya, ya nemi a yi masa hoton ciki ko na ƙirji. Don Allah kada a bari a yi wa irin wannan kumburi sakiya ko tsaga. Akwai magani: albendazole na watanni, ko zuƙe ruwan da allura a asibiti, ko tiyata, wani ma sa ido kawai ake yi. Likita ne zai zaɓa, ba mai kemis ba.

Ana iya raba ƙasa da ita ɗungurungum. Aisland, wani tsibirin sanyi mai tumaki da karnuka, ta yi fama da ita ainun a ƙarni na 19. A 1864 wani likita ɗan Denmak, Harald Krabbe, ya rubuta ɗan littafi yana bayyana wannan sarƙa, aka buga da harshensu aka raba gida-gida, aka hana ba kare ɗanyen kayan ciki, sannu a hankali cutar ta ɓace. Niyu Zilan ta bi sahu, ta ayyana rabuwa da ita a 2002.

A kwatarmu kuwa, ranar nan na wuce wurin Sarkin Fawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ganga ɗaya mai murfi nake roƙo, da rami a bayan katanga." Ya saurari bayanina har ƙarshe, ya ce, "Malam, karnukan nan tun zamanin mahaifina suke cin rabonsu a nan, amma za a duba." Bayan mako biyu aka kawo gangar. Murfin ya ɓata sau biyu, yanzu da sarƙa muka ɗaure shi. Yaron da ya cilla huhun shi ke riƙe da makullin, kuma duk ranar kasuwa yakan kira ni in ƙirga ƙululun kafin ya kai rami.