Idan Wani a Gida Ya Kamu da Tarin Fuka Mai Bijire wa Magani

Wane irin tarin fuka ne wannan?

Shi ne wanda ƙwayarsa ba ta jin rifampicin da isoniazid, magunguna biyu mafiya ƙarfi da ake fara ba mai tarin fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 kimanin mutum 400,000 ne suka kamu da wanda ya bijire wa rifampicin ko duka biyun.

Ba wanda ya yi wasa da shan magani ne kaɗai yake samunsa ba?

A'a, kuma wannan zaton yana cutar da mutane. Tabbas yanke magani a tsakiya kan sa ƙwayar ta yi taurin kai. Amma da zarar ta bijire, a haka take shiga huhun na kusa. Ko jaririn da bai taɓa haɗiyar ƙwayar magani ba, yana iya kamuwa da ita daga uwarsa.

Me ya sa mutanen gida suka fi shiga haɗari?

Ta iska take bi. Mai ciwon ya yi tari, ƙwayoyin su yi ta yawo a ɗaki na sa'o'i, balle idan an rufe taga an kwana. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jinkiri. Mutum yana shan maganin tarin fuka na yau da kullum, iyalinsa sun saki jiki cewa an shawo kan ciwon, alhali maganin ba ya taɓa ƙwayar. Matar da ke jinyarsa da yaron da ke barci a gefensa suna ta shaƙa, mako bayan mako.

Duk wanda ya shaƙa zai kwanta ke nan?

Ba lallai ba. A jikin yawanci ƙwayar takan kwanta shiru, kuma kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne ciwon ke tasowa, galibi a shekara biyun farko. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu ɗauke da HIV su ne a sahun gaba.

To me ya kamata iyali su yi?

Kowa ya je a duba shi, ko da lafiyarsa ƙalau. Ana ɗaukar hoton ƙirji, mai tari kuma a gwada majinarsa da na'urar GeneXpert, wadda cikin kusan awa biyu take nuna ko ƙwayar tana jin rifampicin. A yaro, alamar kan zama rama, zazzaɓi da rashin kuzari.

Wanda aka tabbatar ciwon bai taso masa ba, yanzu akwai rigakafi. A 2024 Hukumar ta ba da shawarar shan maganin levofloxacin kullum na wata 6, bayan gwaje-gwaje a Vietnam da Afirka ta Kudu sun nuna yana rage haɗarin da kusan kashi 60 cikin 100.

A ware wa mai ciwon kwano da kofi?

Babu buƙata, ba ta nan take bi ba. A buɗe tagogi, ya riƙa sa takunkumi, ya kwana shi kaɗai idan da hali, har likita ya ce ya daina yaɗawa. Sannan a tsaya masa ya kammala magani. A da sai an kai wata 18 ko fiye, har da allurai masu kurmantarwa. Tun 2022 akwai haɗin magunguna da ake kira BPaLM, na haɗiya zalla, wanda ake gamawa cikin wata 6.